Fred Risser, Mutumin da Majalisar Jiha Ta Ishe Shi

A watan Janairun 1957, lokacin da Fred Risser ya yi rantsuwar kama aiki a majalisar dokokin jihar Wisconsin da ke Amurka, Sardauna na Firimiyan Jihar Arewa, Abubakar Tafawa Ɓalewa bai kai ga zama Firayim Minista ba, tutar Ingila kuma ita ke kaɗawa a Ikko. Bai bar majalisar nan ba sai Janairun 2021, Buhari na cikin zangonsa na biyu. Shekara 64 ke nan cur, babu yankewa. A tarihin Amurka ba a taɓa yin ɗan majalisa, na jiha ko na tarayya, da ya kai shi daɗewa ba. Gwamna 13 ya yi aiki da su, daga Vernon Thomson zuwa Tony Evers. Wisconsin ta zama jiha a 1848, wato ranar da ya sauka, fiye da kashi ɗaya cikin uku na rayuwar jihar an yi shi ne yana zaune a zauren majalisarta.

Kusan duk wanda na ba wa labarinsa a nan gida, tambaya ɗaya yake jefo mini: "Shi kaɗai aka haifa a garinsu?" Na san inda tambayar ta samo asali, ba na kuma raina ta. Mun sha wuya a hannun masu tazarce. Amma ni ra'ayina daban ne. Na daɗe ina ɗauko wa jarida rahoto daga zauren wata majalisar jiha a Arewa, abin da na gani a can shi ya sa nake ganin rashin daɗewar mambobi ya fi yi wa majalisunmu illa a kan daɗewarsu. Duk bayan shekara huɗu sai a share zauren, a cika shi da sababbin fuskoki, waɗanda kafin su gane bambancin ƙudiri da doka wa'adinsu ya raba. Wanda ke cin ribar wannan kuwa mutum ɗaya ne, yana gidan gwamnati.

An haifi Risser a birnin Madison, hedikwatar jihar, ranar 5 ga Mayun 1927. Gidansu gidan majalisa ne tun asali. Kakan mahaifiyarsa, Clement Warner, kanar ne a yaƙin basasar Amurka, ya kuma zauna a majalisar jihar. Kakansa na wajen uwa, Ernest Warner, shi ya kawo dokar 1905 da ta ce a riƙa ɗaukar ma'aikatan gwamnatin jiha bisa cancanta maimakon alfarmar jam'iyya. Mahaifinsa, shi ma Fred sunansa, ya yi sanatan jiha daga 1937 zuwa 1949. Wanda ya kayar da uban a zaɓen 1948 wani matashin lauya ne mai suna Gaylord Nelson, wanda daga baya ya zama gwamna, ya zama sanatan tarayya, ya kuma ƙirƙiro ranar kare muhalli da duniya ke bikinta duk 22 ga Afrilu. Ɗan ya tashi ya shiga jam'iyyar Democrat, jam'iyyar mutumin da ya kayar da ubansa, ya kuma yi aiki da shi lokacin da Nelson ya hau gwamna a 1959.

Kafin nan ya shiga sojan ruwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yana dab da cika 18, aka kai shi yankin mashigin ruwan Panama. Ya dawo ya karanta aikin lauya a Jami'ar Oregon, ya gama a 1952. A zaɓen 1956, yana da shekara 29, ya ci kujerar majalisar wakilan jiha. A can majalisar jiha zaure biyu ce, ba kamar tamu ba: Wisconsin na da wakilai 99 masu wa'adin shekara biyu, da sanatoci 33 masu wa'adin shekara huɗu. A 1962 ya ci zaɓen cike gurbi ya koma majalisar dattawan jihar, nan kuma ya tsaya shekara 58.

Abu na farko da ya kama hankalina a tarihinsa shi ne bai zama gwamna ba, bai tafi Washington ba, bai zama minista ko jakada ba. Ni kuwa a majalisar da na sani, tun ranar rantsuwa za ka ji ana lissafin wane zai nemi wakilai a Abuja, wane yana hangen kwamishina, wane kuma shugaban ƙaramar hukuma ma ya fi masa, don a can ake taɓa kuɗi. Kujerar majalisar jiha wurin jiran mota ce kawai a wajen yawancinsu. Mutumin da ke jiran mota ba ya karanta kasafin kuɗi shafi-shafi, ba ya kuma ɓata wa gwamna rai, tunda tikitin gaba a aljihun gwamnan yake.

Abu na biyu, ya san zaman adawa. Lokacin da ya shiga majalisar dattawan, 'yan Republican ke da rinjaye, sun kuma daɗe da shi. Sai bayan zaɓen 1974 jam'iyyarsa ta karɓe zauren. Shekara 12 ke nan yana ɓangaren marasa rinjaye, ana kayar da ƙudirorinsa, bai sauya sheƙa ba. Shekaru goman ƙarshe na aikinsa ma, ban da 'yan watanni a 2012, a adawa ya yi su. A tsakani ya shugabanci zauren sama da shekara 20, a lokuta daban-daban, kujerar na zuwa tana tafiya daidai da yadda rinjaye ke juyawa. Shi ne ma sanata na farko da ya riƙe muƙamin shugaban majalisar dattawan, bayan gyaran tsarin mulkin jihar na 1979 da ya cire mataimakin gwamna daga kujerar. A lura da wannan gyara: majalisa ce ta ce ba ta yarda ɗan ɓangaren zartarwa ya ci gaba da riƙe mata guduma ba.

In aka ce a nuna amfanin daɗewa a zahiri, ni dai taba zan nuna.

Risser ya shiga majalisa a zamanin da Ba'amurke ke zuƙar sigari a ofis, a jirgin sama, a ɗakin jiran likita. Sai a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya danganta taba da sankarar huhu. Duk da haka hana mutum busa hayaƙi a inda jama'a ke taruwa abu ne da ake gani kamar shiga haƙƙinsa. A Wisconsin kuma lamarin ya fi wuya, domin jiha ce ta gidajen giya, kusan kowane ƙauye da nasa, masu su kuma suna da ƙungiya mai ƙarfi da 'yan siyasa ke shakka. Risser ya ɗauki wannan faɗa ya mai da shi nasa. A 1984 dokar da ya jagoranta ta fara aiki, ta taƙaita shan taba a gine-ginen jama'a zuwa keɓaɓɓun wurare. Doka ce mai rauni, ta bar gidajen giya, ta bar ƙofofi da yawa a buɗe. Ya karɓi rabin, ya ci gaba da neman saura. Zama bayan zama yana dawo da maganar, ana ture ta. Birnin Madison ya yi tasa dokar a 2005, wasu garuruwa suka bi, har masu sana'ar da kansu suka fara kukan cewa doka ta zama kashi-kashi, wani gari an hana, maƙwabcinsa an bari. A watan Mayun 2009 Gwamna Jim Doyle ya sa hannu a dokar da ta hana shan taba a wuraren aiki a faɗin jihar, har da gidajen abinci da na giya. Ta fara aiki ranar 5 ga Yulin 2010. Risser na da shekara 83.

Daga 1984 zuwa 2010 shekara 26 ne. A lissafinmu wa'adi shida ke nan da rabi. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, likitoci da ƙungiyoyin lafiya sun yi nasu, zamani ma ya juya. Amma sai da aka samu mutum ɗaya a cikin zauren wanda ya san inda aka tsaya bara da bara waccan, ya san hujjar da aka kawo a wancan karo da amsar da ta kashe ta, ya san wane sanata ne ke jin tsoron masu gidan giya na mazaɓarsa da abin da zai kwantar masa da hankali. Matar da ke raba abinci awa takwas a cikin hayaƙin wasu, ita ce ta ci moriya, ko da ba ta san sunansa ba. A majalisar da na yi aiki na ga ƙudiri mai kyau ya tsallake karatu na biyu, aka tura shi kwamiti, wa'adi ya ƙare, mai ƙudirin bai samu tikiti ba, shi ke nan. Wanda ya gaje shi bai ma san an taɓa yin maganar ba. Takardun na cikin wata durowa a ofishin akawun majalisa, in gara ba ta riga ta cinye ba.

Ba na cewa ina tare da shi a komai. Risser ɗan ra'ayin sassauci ne irin na birnin jami'a, matsayinsa a kan batutuwa kamar zubar da ciki ba zai karɓu wajen yawancin masu karanta wannan shafi ba, ni ma bai karɓu a wajena ba. Abin da nake yabo shi ne yadda ya ɗauki aikin.

A watan Fabrairun 2011 sabon gwamna, Scott Walker na Republican, ya kawo ƙudirin da zai ƙwace wa yawancin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati, musamman malaman makaranta, ikon zama da gwamnati su yi cinikin sharuɗɗan aiki. An keɓe 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Jam'iyyar gwamna na da sanata 19, 'yan adawa 14. In aka kaɗa ƙuri'a an gama. Sai dai tsarin mulkin jihar ya ce ƙudirin da ya shafi kuɗi ba a yanke shi sai kashi uku cikin biyar na mambobi na zaune, wato mutum 20. Saura ɗaya. Ranar 17 ga watan, sanatocin adawa su 14 suka tsallaka jihar Illinois, inda 'yan sandan Wisconsin ba su da ikon kamo su. Risser, dattijo mai shekara 83, na cikinsu. Sun yi kusan mako uku a can, jama'a dubun-dubata kuma suka mamaye harabar majalisa cikin ƙanƙara suna zanga-zanga.

Sun sha kaye. Ranar 9 ga Maris masu rinjaye suka cire sassan kuɗi daga ƙudirin don kauce wa sharaɗin mutum 20, suka amince da sauran da ƙuri'a 18 da 1, gwamna ya sa hannu bayan kwana biyu. Akwai masu cewa gudun zama ba hali ne na ɗan majalisa ba, an zaɓe ka ka zauna ka yi muhawara ko da za a kayar da kai. Maganarsu na da nauyi, ni ma ba zan so abin ya zama al'ada ba. Amma ƙudirin da aka so a gama cikin 'yan kwanaki sai da jihar gaba ɗaya ta yi mako uku tana karanta shi tana gardama a kai. Makamin da suka yi amfani da shi kuma ba sace sandar majalisa ba ne, ba jifa da kujeru ba ne. Layi ɗaya ne a tsarin mulki, wanda sai wanda ya karanta ya san da shi.

Yanzu bari in kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kaina, domin tana nan kusa, a jihar da Risser ya gudu ya fake. Michael Madigan ya shiga majalisar wakilan Illinois a 1971, ya fita a 2021, shekara 50. Ya yi kakakin majalisa shekara 36, babu kakakin majalisar jiha da ya kai shi daɗewa a Amurka. Shi ma ɗan Democrat ne, shi ma lauya. A watan Fabrairun 2025 kotun tarayya a Chicago ta same shi da laifuka 10, ciki har da haɗa baki wajen cin hanci, a shari'ar da ta shafi kamfanin wutar lantarki na ComEd, wanda ya riƙa ba mutanen Madigan aiki da kwangila don ƙudirorin da kamfanin ke so su wuce. A watan Yuni aka yanke masa ɗaurin shekara bakwai da rabi da tarar dala miliyan 2.5. Duk mai cewa daɗewa na ruɓar da mutum, ga shaidarsa.

To me ya raba su? Ba zan ce hali kawai ba, ko da yake hali na ciki. Abin da kowannensu ya riƙe ne ya bambanta. Risser kujerar mazaɓa ya riƙe, shugabancin da ya yi kuma na jagorantar zama ne, domin a majalisar dattawan Wisconsin ainihin ƙarfi na hannun shugaban masu rinjaye. Madigan kuwa ya haɗa kujerar kakaki da shugabancin jam'iyya na jiha daga 1998 zuwa 2021. Shi ke da asusun yaƙin neman zaɓe, shi ke raba kwamitoci, shi ke cewa wane ƙudiri zai ga hasken rana, hannunsa na cikin shata iyakokin mazaɓu. Ɗan majalisar da ya saɓa masa ya san makomarsa. Wannan mun san shi sarai, sunansa ubangida. 'Yan majalisar Illinois ma sun gane inda ciwon yake: bayan tafiyarsa ba su ce kowane mamba ya yi wa'adi biyu ya tafi ba, kujerar shugabanci suka sa wa iyaka, shekara 10.

Amurkawa sun gwada ɗayan maganin ma, sun kuma ga sakamakonsa. Daga 1990 guguwar ƙayyade wa'adin 'yan majalisa ta taso, California da Colorado da Oklahoma suka fara, yau jihohi 16 ke da irin dokar. Michigan ta yi tata a 1992, mai tsauri: shekara shida a majalisar wakilai, takwas a ta dattawa. Abin da ya biyo baya shi ne mutum na iya zama shugaban kwamitin kasafi bayan shekara biyu da shigowa, yana fuskantar jami'an gwamnati da wakilan kamfanoni da suka shekara 20 suna wannan aiki. Wa zai koya wa wani? Masu zaɓen California suka sassauta dokarsu a 2012, na Michigan suka sassauta a 2022, duka biyun suka bar mutum ya iya yin shekara 12 a zaure ɗaya. Wisconsin ba ta taɓa yin dokar ba.

Mu ba mu da dokar ƙayyade wa'adin ɗan majalisa, amma muna da abin da ya fi ta tsanani. Muna da karɓa-karɓa, inda za a ce gundumar gabas ta yi, saura ta yamma, ko da na gabas ɗin shi kaɗai ne ke buɗe baki a zaure. Muna da ɗauki-ɗora. Muna da daliget, waɗanda ake tarawa a otal daren zaɓen fid da gwani. Sau da yawa talakan mazaɓa bai ma samu damar cewa ya gaji da wakilinsa ko bai gaji ba, an riga an cire sunan tun a gidan gwamnati. Wanda ake fara cirewa kuwa shi ne mai yawan tambaya.

A ƙara da tarihi. Tsarin shugaban ƙasa da gwamna da majalisa mai zaman kanta daga Amurka muka aro shi a 1979. Amma duk juyin mulkin soja, majalisa ake fara rufewa. Ma'aikatu na ci gaba da aiki, kotuna na zama, ɓangaren dokoki ne kaɗai ake kulle ƙofarsa a tafi da makulli. Daga 1966 zuwa 1979 babu majalisa, daga ƙarshen 1983 zuwa 1999 ma babu, sai ɗan taƙin nan na 1992 zuwa 1993. Ita ce autar ɓangarorin gwamnati, mafi ƙarancin ƙwarewa, kuma ita muke hana wa tara manya.

Sakamakon a bayyane yake. A 2010, lokacin gyaran tsarin mulki, an kawo wa majalisun jihohi tayin 'yancin gashin kansu ta fuskar kuɗi, ba a samu jihohi 24 da ake buƙata ba. Majalisu suka ƙi amincewa da 'yancin kansu. Sai a 2018 gyaran ya samu shiga, shi ma aiwatar da shi ya zama jan aiki, har ma'aikatan majalisu suka shiga yajin aiki a 2021. A Edo a 2019 an rantsar da mambobi 9 cikin 24 da daddare, 14 kuma har wa'adin ya ƙare ba su zauna ba. A Kano, a watan Mayun 2019 majalisa ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu cikin 'yan kwanaki, a watan Mayun 2024 kuma ta rushe su da irin wannan sauri. Ba ina shari'ar wanne ne daidai ba, kowa na da ɓangarensa a wannan magana. Abin da ke damuna shi ne lamarin da ya shafi sarauta mai ɗaruruwan shekaru ya wuce sau biyu da gudun da ko kuɗin gyaran kwalbati bai kamata ya wuce da shi ba, kuma duka biyun ya dace da abin da gwamnan lokacin ke so. Wannan ne ya sa mutane ke kiran majalisun jihohi 'yan amshin shata. Da akwai mutum biyar a kowane zaure waɗanda gwamna ya tarar da su kuma ya san zai tafi ya bar su, da aƙalla an ji wani ya miƙe ya ce a kai maganar gaban jama'a tukuna.

Akwai wani abu kuma da ke bayan Risser wanda ba a cika faɗa ba. Tun 1901 majalisar Wisconsin ke da ofishinta na bincike da rubuta ƙudiri, wanda Charles McCarthy ya kafa, jihohi da yawa suka kwaikwaya. Tana da ofishin nazarin kasafi nata, da na binciken kuɗi nata, ma'aikatan ba na jam'iyya ba ne. Idan gwamna ya ce aiki kaza zai ci kaza, ɗan majalisa na da inda zai je ya ji ko gaskiya ne. Na sha ganin ƙudiri ya iso zaurenmu a rubuce tsaf daga ma'aikatar shari'a, a karanta take, a ce "kwamiti ya duba", washegari a wuce da shi. Ba don mambobin ba su da hankali ba. Ba su da wanda zai karanta musu, ba su kuma daɗe da za su iya karantawa da kansu ba. Babu mai kai ɗinkin babbar riga wajen yaron da ya fara koyo jiya, amma kasafin biliyoyin naira muna miƙa shi ga zauren da rabinsa ko fiye baƙi ne.

Mu masu zaɓe ma da laifinmu. Da me muke auna Honarabul? Da buhun shinkafar azumi, da kujerar Makka, da kuɗin suna da na asibiti, da babura nawa ya raba. Ba na zargin wanda ke cikin yunwa don ya nemi abinci, na san halin da ake ciki a ƙauyukanmu. Amma wanda aka auna da rabo dole ya nemi abin rabawa, abin rabawa kuma a gidan gwamnati yake. Albashin ɗan majalisar Wisconsin a shekarun ƙarshe na Risser bai wuce kimanin dala 53,000 a shekara ba, abin da ma'aikaci matsakaici ke samu a can. An san shi da hawa keke har ya haura 90, da bin matakalar majalisa da ƙafa. Babu wanda ya zaɓe shi don ya raba wani abu.

Duk da haka ba zan rufe ido a kan abin da daɗewar tasa ta ci ba. Sunan gidansu ya buɗe masa ƙofa. Mazaɓarsa, tsakiyar Madison da unguwannin jami'a, tungar 'yan Democrat ce, wanda ya samu tikiti ya ci zaɓe, ture mai ci kuma a zaɓen fid da gwani abu ne mai wuya ko a Amurka. Shekara 58 kujera ɗaya ba ta motsa ba. Mutane nawa ne masu basira suka tashi a wannan birni, suka jira, suka tsufa, suka haƙura? Lokacin da ya sanar a watan Maris na 2020 cewa ba zai sake tsayawa ba, yana gab da cika 93, 'yan takara suka yi cincirindo, alamar an daɗe ana jira. Wadda ta gaje shi, Kelda Roys, an haife ta a 1979, shekarar da ya fara zama shugaban majalisar dattawan. A ganina da ya sauka bayan dokar taba ta fara aiki, ko bayan faɗan 2011, da ya fi kyau, don dattijo na iya ba da shawara daga gida. Amma wannan hukunci na mutanen Madison ne, su ke da ƙuri'a, sun kuma yi ta mayar da shi da idonsu biyu. A wajenmu ba a ba mutanen mazaɓa wannan dama.

Saboda haka abin da nake nema ba mai yawa ba ne. A sa wa kujerar kakaki iyaka, wa'adi biyu ya isa, kada kuma mai riƙe da ita ya haɗa da wani muƙamin jam'iyya. A bar ɗan majalisa ya nemi komawa ko sau nawa ne, amma a zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, wanda kowane ɗan jam'iyya zai fito ya bi layi, kamar yadda Wisconsin ta mayar da zaɓen 'yan takara hannun jama'a tun farkon ƙarni na 20, zamanin Gwamna Robert La Follette. Karɓa-karɓa kuma, in dole ne, a kai ta muƙaman naɗi, a bar majalisa.

Akwai na ƙarshe, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi damuna. Mutumin Madison da ke son sanin yadda Risser ya kaɗa ƙuri'a a kan dokar 2009 zai iya dubawa ya gani, da sunansa, da na kowane sanata. A zaurukanmu kusan komai da murya ake yankewa: masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, kakaki ya buga guduma. Ba a rubuta wane ya ce me. Bayan shekara huɗu, ko takwas, ko goma sha biyu, babu takardar da ɗan mazaɓa zai ɗauka ya ce wa wakilinsa, ranar da aka ciyo bashin nan kana ina, me ka ce? Da haka ba za a iya bambance wanda ya daɗe yana aiki da wanda ya daɗe yana ɗumama kujera ba, dole mutane su yi musu kuɗin goro su ce kowa ya tafi. Gyaran wannan ba ya buƙatar Abuja. Sashe na 101 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowace majalisar jiha ikon tsara dokokin zamanta. Zama ɗaya ya isa a rubuta cewa kasafin kuɗi, da ciyo bashi, da tsige mai muƙami, da duk dokar da ta taɓa masarauta ko ƙaramar hukuma, sai an kira sunan kowane mamba ya faɗi matsayinsa, a buga a manna a ƙofar majalisa.